Birkin Shimano Deore BR-T610: yana kamawa, amma ba shi kaɗai ke aikin ba

Birkin V na Shimano Deore, samfurin BR-T610, irin mai dogayen ƙafafu biyu da ke matse rim ɗin keke daga gefe da gefe, birki ne mai kyau, kuma idan kekenka yana da mazauninsa ban ga dalilin da zai sa ka tsallake shi ka nemi wanda ya fi shi tsada ba. Sai dai akwai sharaɗi. Wanda ya saye shi ya ɗaura a kan tsohuwar waya mai tsatsa, da hannun birkin da ba nasa ba, da rim mai maiƙo, zai dawo ya ce na yaudare shi. Ƙarfin tsayar da keke ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Daga yatsunka yake tasowa, ya bi hannun birki, ya ratsa waya, ya sauka a ƙafafun birkin, ya ƙare a inda roba ta haɗu da rim, kuma kowace gaɓa a wannan hanya tana iya cinye rabonta kafin ya isa.

Kekena na zirga-zirgar yau da kullum ne, mai miƙaƙƙen kai, tayoyi masu lambar girma 700 da faɗin milimita 38, da madigadi gaba da baya, da kariyar da ba ta cika zama babu kaya ba. Birkin da ya zo da shi shi ma nau'in V ne, amma irin wanda ba a buga sunan kowa a jikinsa ba. Ƙafafunsa fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa, hannayensa kuma roba ce mai tauri da aka shafa wa fenti don ta yi kama da ƙarfe. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, ranar da babu ruwa, yana rage gudu. Tsayawa kuwa sai in ya ga dama. In na ɗauko kaya na kama gangara, hannun birkin yakan zo ya manne da kan keke, keken kuwa yana ta tafiyarsa.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a tsaye kafin ya kashe ko sisi. Ka matse birkin gaba iya ƙarfinka, ka sunkuya ka zuba wa ƙafafun ido, sannan ka riƙa tura keken gaba kana jawo shi baya. A tsohon nawa, da ido ake ganin matsalar. Ƙafafun suna murɗewa daga tsakiya. Suna kaɗawa a kan turakun ƙarfen da aka ɗaura su a kai, gaba da baya, har ana jin ƙas-ƙas. Robar tana karkacewa ta kama rim da baki ɗaya, sauran tsawonta yana reto a iska. In ka ɗaga kai ka dubi hannun birkin, shi ma yana lanƙwashewa daga gindinsa. Duk wannan motsi ƙarfin hannunka ne ke zubewa a hanya. Birkin da ya yi haka, canjin roba zai taimaka masa kaɗan, amma ba zai warkar da shi ba. Wanda kuwa ya tsaya cak a wannan gwaji, ka bar shi a inda yake, ka nemi matsalar a wani wuri.

Kafin a zo ga zaɓi, a san cewa firam ɗin keke ne ke yanke yawancin hukuncin. Ka dubi fok ɗin gaba da sandunan baya. In akwai 'yan turakun ƙarfe biyu da aka yi wa walda, ɗaya a kowane gefe, ƙasa kaɗan da layin rim, to kekenka na birkin V ne ko kantiliba, wani tsohon nau'in birki da ke hawa irin waɗannan turaku, kuma Deore zai hau. In turakun suna sama da layin rim, na birkin U ne, irin na kekunan BMX da wasu tsofaffin kekunan dutse, ba zai hau ba. In kuma babu turaku, sai huda ɗaya a saman fok, to kalifa ce rabonka, wato birkin da ake ratayawa da kusa ɗaya a wannan hudar, ƙafafunsa su sauko su rungumi rim.

Masu kalifa, abu ɗaya zan ce muku in wuce. Ku auna tazara daga tsakiyar wannan hudar zuwa tsakiyar inda roba ke gogar rim. Gajerun kalifa na kekunan tsere suna kai milimita 39 zuwa 49, matsakaita 47 zuwa 57, dogaye irin Tektro R559 kuma 55 zuwa 73. Ku ɗauki mafi gajartar da za ta isa, domin duk tsawon da ƙafa ta ƙara, lanƙwasa ta ƙaru. Kuma ku ɗauki mai mahaɗa biyu, wato wadda kowace ƙafarta ke da nata wurin juyawa, irin wadda Shimano ya yaɗa a farkon shekarun 1990. Tsohuwar mai mahaɗi ɗaya tana da kyan gani a kan tsohon keke, amma hannu ne ke biyan kuɗin wannan kyau.

Shi Deore ɗin, ƙafafunsa alminiyum ne, tsawon kowace milimita 107. Wannan tsawo ne ya sa wayar da ke ƙetarewa tsakaninsu ta wuce saman madigadina ba tare da ta goge shi ba, abin da na fi jin tsoro kafin in ɗaura. Kowace ƙafa tana da ɗan sukurun daidaita sifirin a gindinta, kuma sukurun yana jin magana: ka juya shi kwata, ka ga ƙafar ta matsa. A wancan nawa na da, sai ka juya har ka gaji babu abin da ya motsa, sannan farat ɗaya gefe guda ya manne da rim. Robar da ya zo da ita, S70C, irin mai gida ce, wato robar tana zamewa cikin wani ɗan gidan ƙarfe, ƙaramin fil ya riƙe ta. In ta cinye, fil ɗin za ka zare, ka zaro tsohuwa ka zura sabuwa, saitin da ka sha wahalar yi yana nan bai motsa ba. A wurina wannan kaɗai ya isa ya raba shi da ƙaninsa Alivio BR-T4000, wanda tsawon ƙafarsu ɗaya ne amma robarsa dunƙulalliya ce, in ta ƙare sai an kwance an sake saiti daga farko. Wanda bai damu da wannan ba, Alivio ma zai tsayar da shi.

Da na maimaita gwajin tura keke a kansa, ƙafafun ba su murɗe ba, kuma robar ta kwanta a kan rim da dukkan tsawonta. Abin da ya ba ni dariya shi ne yanzu fok ɗin ne ake ganin yana ɗan buɗewa in an matse sosai, wato rauni ya tashi daga birki ya koma maƙwabcinsa. Akwai wani ƙarfe mai siffar baka da ake ɗaurawa a kan turakun biyu don hana wannan buɗewa. Ni ban sa ba, don buɗewar ba ta kai ta dame ni ba, amma mai siririn firam da yake jin birkin baya ya yi laushi duk da sabuwar waya, ya duba wannan.

Dalilin da birkin V ya fi kantiliba sauƙin samun ƙarfi ba wani sirri ba ne. A kantiliba, waya tana saukowa daga sama ta ja wata gajeriyar waya da ta haɗa ƙafafun biyu, kuma ƙarfin birkin ya dogara ga kusurwar da wannan gajeriyar waya ta yi. Ka ɗaga ta sama, birki ya yi tauri amma ya rasa kamu. Ka sauke ta ƙasa, ya yi kamu amma ya yi laushi. Gwani yana iya fitar da birki mai kyau daga kantiliba, amma sai gwani. Birkin V, wanda Shimano ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990 don kekunan dutse, ya kawar da wannan gajeriyar waya gaba ɗaya. Rigar waya tana tura ƙafa ɗaya, wayar ciki tana jan ɗayar, kai tsaye daga saman dogayen ƙafafu. Babu kusurwar da za a ɓata.

Amma wannan tsawon ƙafa yana da farashinsa, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Doguwar ƙafa tana buƙatar a ja waya mai yawa kafin roba ta isa rim, kusan ninki biyu na abin da kalifa ko kantiliba ke buƙata. Saboda haka hannayen birki iri biyu ne: masu dogon ja na birkin V, da masu gajeren ja na kalifa da kantiliba. A ido kusan ɗaya suke, bambancin yana ga tazara tsakanin inda hannun ke juyawa da inda kan waya ya maƙale. In ka haɗa birkin V da hannu mai gajeren ja, za ka ji kamar kana matse soso, hannun ya ƙure a kan keke, kuma don ka samu ya kama dole ka matso da robar har ta riƙa gogar rim. In ka yi akasin haka, ka haɗa kantiliba ko kalifa da hannu mai dogon ja, wannan ya fi haɗari, domin yana yaudara. Hannun zai yi tauri tam, ka taɓa shi a tsaye ka ce ai wannan birki ne na gaske, ka hau hanya ka tarar ba ya tsayar da komai. Taurin hannu ba shi ne ƙarfin birki ba. Sau da yawa ma birkin da ya fi kamu yana da ɗan taushi a ƙarshen matsa, saboda ƙarfin da yake kaiwa ya isa ya danne roba.

Ni na haɗa nawa da hannayen Deore na alminiyum masu dogon ja, na huta. Mai keke mai lanƙwasasshen kai irin na tsere, wanda hannun birkinsa ke haɗe da giya, hannunsa gajeren ja ne, don haka wannan birki ba nasa ba ne kai tsaye. Ko dai ya nemi ƙaramin birkin V mai ƙafa milimita 80 zuwa 90, ya haƙura da ƙarancin fili a saman taya, ko ya sa ɗan kurar nan da ake kira Travel Agent wadda ke ninka jan waya. Ta farkon ta fi tsafta a ganina. Wasu hannayen miƙaƙƙen kai kuma suna da gurbi biyu na kan waya, ɗaya na V ɗaya na kantiliba, sai a duba a tabbatar wayar tana gurbin da ya dace.

Waya ba ta da ado, shi ya sa ake mantawa da ita. Ka kwance ta daga birki, ka riƙe bakinta da hannu ɗaya, ka matsa hannun birki da ɗayan. In ka ji tana tafiya da gargada, ko tana ja tana tsayawa, wani kaso na ƙarfinka a cikin riga yake mutuwa. Sabuwar waya wadda ba ta tsatsa, da sabuwar riga mai santsin ciki, a yanke bakin rigar daidai a goge shi da magagari ya kwanta sumul, a sa mata hularta ta ƙarfe. Kada rigar ta yi tsawo har ta yi lauje, kada ta gajarce har ta ja birki in an juya kan keke. Kuma kada a kuskura a sa rigar wayar giya a birki don an ga ta fi tauri. Ta giya siririya ce, milimita 4, zaren ƙarfenta a miƙe suke bisa tsawo, matsin birki yana iya fasa ta a daidai lokacin da ake buƙatarta. Ta birki milimita 5 ce, ƙarfenta a naɗe yake. Wayar cikin ma ta birki ta fi kauri.

Yanzu roba, inda na fi son a tsaya. Wadda ta zo da Deore ba ta da laifi, a busasshiyar hanya ban sami abin cewa ba. Amma ina hawa ko ana ruwa, kuma ruwa shi ne abokin gabar duk birkin rim. In rim ya jiƙe, matsar farko ba birki take yi ba, shara take yi: sai roba ta kwashe ruwan da ke kan rim kafin ta fara kamawa. Tayar 700 tana cin mita 2 da ɗoriya a zagaye ɗaya. In sai ta zagaya sau biyu kafin birki ya farka, ka yi tafiyar sama da mita 4 da hannu a matse babu abin da ya faru. Mita 4 kuwa ta fi tsawon wata ƙaramar motar.

Saboda haka na zare robar na zura ta kamfanin Kool-Stop mai launin ja-ja, wadda suke kira Salmon, da ake yi a Amurka. Suna yin ta da siffar da ke shiga gidan roba na Shimano, fil ɗinsa ma ɗaya. Launin nata ba kwalliya ba ne, garin tsatsar ƙarfe ne aka cuɗa a cikin robar, kuma shi ke taimaka mata kamu a jiƙaƙƙen rim. Ba ta kawar da wancan jinkiri na farko gaba ɗaya, babu robar da za ta yi haka, amma tana gajarta shi, kuma in ta kama tana kamawa a hankali yadda hannu zai iya aunawa, ba fizga ba. Wani abin da na lura da shi: in na zaro ta don dubawa, ba na samun ɓarɓashin alminiyum da ya nutse a cikinta kamar yadda nake samu a baƙar roba mai tauri ta tsohon birkina. Wannan ɓarɓashi shi ne ke sa ka ji birki yana ƙarar ƙarrr, kuma rim ɗinka yake ci. Ana tone shi da tsinin allura ko bakin wuƙa. Abin da za a sani game da roba mai taushi irin wannan shi ne tana iya ƙarewa da wuri fiye da mai tauri, kuma in ba a saita ta da kyau ba tana kuka. Ni dai na gwammace roba ta ƙare da rim ya ƙare. SwissStop ma suna da roba mai kyau don rim ɗin alminiyum, wanda ya fi samun ta kusa ba zai yi asara ba.

Tsohuwar roba kuma, ko ba ta cinye ba, tana bushewa ta yi ƙyalli. Ka danna ta da farce. In farce bai shiga ba, ta mutu, ko da layukan jikinta suna nan.

Rim shi ne rabin birkin da ba a sayarwa a cikin kwali ɗaya da shi. Ka ɗora maganaɗisu a gefensa. In ya manne, ƙarfe ne, galibi mai ƙyallin kurom, kuma gaskiyar magana babu Deore babu wanin Deore da zai ba ka tsayawa mai kyau a kansa in ya jiƙe. Akwai roba mai fata a fuska da ake yi don irin wannan rim, tana rage matsalar, amma maganin gaske shi ne wili mai rim ɗin alminiyum, ko da na gaba kaɗai ne. In alminiyum ne, ka goge gefensa da tsumma mai tsabta da sifirit har tsumman ya daina baƙi. Man da ake ɗiga wa sarƙa yana fantsama a rim ɗin baya, ɗigo kaɗan ya isa ya kashe birki ya kuma lalata roba. Sannan ka ɗora wani abu miƙaƙƙe a kan gefen rim ɗin ka duba ko ya yi kwarmi. Roba tana cin rim sannu a hankali, kuma rim ɗin da ya sirance yana iya tsagewa saboda matsin iskar taya. Wasu suna da layi ko ɗan rami da aka yi don alama, in ya shafe lokaci ya yi. Masu gyara da yawa suna ɗaukar kaurin milimita 1 a matsayin iyaka. Wili mai kaɗawa hagu da dama shi ma ɓarawon birki ne, don yana tilasta ka ka nisanta roba daga rim, ka ƙarar da jan hannunka a banza. A ɗaure sifok ya miƙe tukuna. Masu rim ɗin kabon kuwa, robarsu daban ce, kada su taɓa wadda na ambata.

Ɗaurawa ba ta da wuya, alanki mai lamba 5 da sukundireba da filaya sun isa, amma akwai wurare biyu da ke son natsuwa. A gindin kowane turke akwai 'yan huda, galibi uku, inda bakin sifirin ke shiga. Ka sa a ta tsakiya, gefe biyun iri ɗaya, ka shafa giris kaɗan a jikin turken. Na biyu su ne washoshin da ke jikin kusar roba. Akwai mai kauri akwai siririya, kowace da abokiyarta mai ƙoƙo, kuma ana musanya su: ɗaya a ciki tsakanin ƙafa da roba, ɗaya a waje. Abin da ake nema shi ne in roba ta taɓa rim, ƙafafun biyu su kasance kusan a tsaye, suna kallon sama. In sun rufe sun kusa haɗuwa, mai kaurin ta koma ciki. In sun buɗe sun yi waje, siririyar ta koma ciki. Mutane da yawa ba su san ana musanya su ba, sai su yi ta fama da waya.

Robar ta zauna a tsakiyar gefen rim, bakinta na sama ya bar kamar milimita 1 daga taya. In ta taɓa taya za ta yanka gefenta, in ta sauka ƙasa za ta cinye ta bar leɓe wanda ke maƙalewa a ƙarƙashin rim. Rufaffen bakin gidan robar ya kalli gaba, akwai kibiya da alamar hagu da dama a jiki, in aka juya shi rim zai yi ƙoƙarin zaro robar. Don maganin kuka, bakin gaba na roba ya riga na baya taɓa rim da kamar rabin milimita zuwa milimita 1. Yadda nake yi: in naɗe ɗan kwali siriri in saƙala shi tsakanin rim da bakin baya na robar, in matse hannun birki in riƙe, in ɗaure notin a haka, in zare kwalin. Sai ka riƙe robar da yatsa lokacin ɗaurin ƙarshe, don tana son bin alanki ta juya. Daga nan sai waya, a bar milimita 1 zuwa 2 tsakanin roba da rim a kowane gefe, a matse hannun da ƙarfi sau da dama don komai ya zauna, a sake dubawa.

A kan hanya, bambancin da na fara ji ba ƙarfi ba ne, sauƙi ne. Yatsa biyu suna yin abin da a da hannu gaba ɗaya bai yi ba, sauran yatsun suna riƙe da kan keke. A gangara da kaya, ina iya riƙe gudun a inda nake so, in ƙara matsi kaɗan in ji ya amsa kaɗan. In kuma na matse na gaba da gaske a busasshiyar kwalta, babu kaya, tayar baya tana fara sauƙi tana neman barin ƙasa.

Wannan ɗagawar tayar baya ita ce iyakar kowane birkin keke, ko na rim ko na faifai, wato mai kama faifan ƙarfe a tsakiyar wili, ko nawa aka saye shi. In ka ja birki nauyinka yana komawa gaba, tayar gaba ta ƙara danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa birkin baya kaɗai ba ya tsayar da keke da wuri, sai dai taya ta ja ƙasa ta goge. Na gaba ne ke yin babban aikin, kuma a keke na yau da kullum iyakarsa tana wajen rabin ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, daga nan sai mahayi ya tuntsura ta saman kai. In aka yi lissafi da wannan, mai gudun kilomita 20 a awa yana buƙatar kamar mita 3 ya tsaya, mai gudun 40 kuma sama da mita 12, ban da tafiyar da aka yi kafin hannu ya kai ga birki. Gudu ya ninka biyu, tazara ta ninka huɗu. To birkin da ya iya ɗaga tayar baya da yatsa biyu ya kai ƙarshen abin da ake nema, duk abin da aka ƙara a kansa na jin daɗin hannu ne ko na rage nauyi. Deore da roba mai kyau ya kai nan. Abin da ya rage na mahayi ne: ya nemi fili babu motoci, ya koyi jan na gaba a hankali yana ƙara matsi, hannuwa a miƙe, ƙugu ya koma bayan sirdi. Kuma ya tabbatar wane hannu ne na gaba, don a Ingila da Japan na dama ne, a Amurka da yawancin Turai na hagu.

Wasu kekunan zirga-zirga suna zuwa da wani ɗan dunƙule a jikin lanƙwasasshen bututun ƙarfen da ke shigar da waya cikin birkin gaba. Sifirin ne a ciki, an sa shi da gangan don ya sassauta kamun farko saboda sababbin mahaya kada su kifa. In birkinka na gaba yana da taushin da ka rasa dalilinsa, ka duba ko shi ne. Ni ban mayar da nawa ba, amma ba zan ce wa wanda bai saba da birkin gaba ya cire nasa ba.

Akwai inda birkin rim, kowane iri, ba zai yi abin da na faifai ke yi ba. A taɓo, rim yana kusa da ƙasa, yana kwasar duk abin da taya ta taka, roba da yashi su haɗu su zama sanfefa. A doguwar gangarar dutse da kaya masu nauyi, in aka riƙe birki ba sakewa, rim yana zafi, zafin ya shiga tiyub, har taya na iya fashewa. Dabarar ita ce a ja da ƙarfi a saki, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin gaba da baya, in ya yi yawa a tsaya ya huce. Wanda yawancin hawansa irin wannan ne, ya yi tunanin keke mai faifai. Amma masu cewa birkin rim ya zama tarihi suna mantawa da cewa rim ɗin 700 faɗinsa milimita 622 ne, faifan birki kuwa galibi 160. Roba tana kama wili a can nesa da tsakiyarsa, inda ɗan matsi ke yin aiki mai yawa.

Na taɓa hawa keken wani mai birkin Magura na Jamus, irin HS33, wanda ke hawa turaku iri ɗaya da na V amma man da ke cikin bututu ne ke tura robar maimakon waya. Yana da daɗin hannu ƙwarai, babu wayar da za ta yi tsatsa, robar tana tafiya a miƙe zuwa rim. In da kuɗi da sha'awa, abu ne mai kyau. Sai dai bai tsayar da ni a tazarar da ta fi ta Deore gajarta yadda zan iya lura ba, kuma ranar da bututunsa ya huje a hanya ba gyaran alanki da filaya ba ne. Wayar birkin V kuwa, duk mai gyaran keke yana da ita a rataye.

In za a cire wili, sai an matse ƙafafun biyu da hannu an zare lanƙwasasshen bututun daga maƙalarsa kafin taya ta wuce tsakanin robobin. A Deore yana fita cikin sauƙi, haka kuma yake komawa, sai dai a tabbatar bakinsa ya zauna cikin maƙalar sosai ba a gefenta ba, a jawo 'yar robar ƙura ta rufe shi. Bayan an mayar da wili, kafin a ɗora ƙafa a feda, a matse hannayen biyu a tura keken a ga ya ƙi tafiya.